Matar Da Ke Fitowa Daga Bango

Haarlem, ƙarshen hunturu

Zuwa ga Aleid,

Ya ke hasken da ya rage mini a ido, sanyin da ya rage mini a zuciya, farin lilin da aka shanya a kan ciyawa mai raɓa! Ya ke ranar da kan leƙo sau ɗaya a tsakiyar hunturu, har tsofaffi su jawo kujeru zuwa bakin ƙofa suna ƙifta ido! Tauraruwar da matuƙan jirgi ke bi su dawo gida, ruwan daɗin da ke kwance a ƙarƙashin tudun yashi, Aleid tawa wadda ba ta taɓa zama tawa ba, ina gaishe ki da gaisuwar da ta shekara talatin da ɗoriya tana maƙale a maƙogwarona. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, da wuta a murhunki, gwiwar nan taki ta hagu kuma ta sassauta miki. Kada ki yi mamakin yadda na san da gwiwar. Ina ganin yadda kike hawa gadar kasuwar kifi.

Ki yi haƙuri da rubutun. Ba giya na sha ba, hannun ne ya soma rawa tun bara. Ni ne dai Tymen Okkers, wanda garin nan ke kira mai zanen ɗakin da ba kowa, kuma na gaji, Aleid. Na gaji irin gajiyar dokin da ke jan kwale-kwale daga nan zuwa Leiden, wanda ko an kwance masa igiya sai ya ci gaba da tafiya a karkace. Da son samu ne da na ƙarasa kwanakina kamar yadda muka saba, mu haɗu a kasuwa ki sunkuyar da kai, in taɓa hulata, kowa ya kama gabansa. Amma ranar Talata Dattijo Pauwels, mai kula da gidan da kuke zaune ku matan da mazansu suka rasu, ya zo mini da maganar da ba zan iya yanke ta ni kaɗai ba. Maganar ɗakinki ce, ko za ki ci gaba da zama a cikinsa ko za a ce ki tattara kayanki. Kafin in kai gare ta, bari in faɗa miki abin da ya jawo ta, don kada ki ji rabi da rabi a bakin mutane.

Kin tuna filin shanyar lilin na mahaifiyarki, can bayan gari wajen tudun yashi? Kin tuna yadda kuke jiƙa yadin cikin ruwan toka da tsala, ku shimfiɗa shi a ciyawa, ku yi ta watsa masa ruwa da dogon ludayi har ya yi fari fat? Na je can ne in zana gari daga nesa, na sami wuri na zauna, ashe ƙafata tana kan bakin yadin wani attajiri. Sai na ji murya daga bayana: "Kai mai hula! Ɗaga wannan kofaton daga kan yadin mutane. In zane za ka yi, matsa can inda shanu suke, can ne wurinku." Na waiga na gan ki, hannu a ƙugu, fuska ta yi ja da iska, kina warin tsala tun daga nesa. Wayyo ni! Mawaƙa suna ta yabon ƙanshin fure, ni kuwa warin tsala ne ya kama ni, kuma bai sake ni ba. Har yau in na wuce mai sayar da ita sai ƙafata ta tsaya da kanta.

Duk bazarar nan, in kin shigo gari kawo yadi, sai ki biyo ta gidana, in roƙe ki ki tsaya mini a bakin taga in zana ki. Akwai kujera a wurin, mai shimfiɗar fata, wadda babana ya bari. Na yi na yi ki zauna, kika ƙi. Kika ce, "In na zauna a gidan namiji ai na zama baƙuwarsa. Ni yadi na kawo, a tsaye za ka zana ni ko ka bari." Haka na zana ki, a tsaye kusa da kujerar, rungume da lilin a ƙirjinki, farar hula a kanki, hasken yamma a kuncinki. Ban bar komai ba a zanen, har ɗan ƙaramin yatsanki na hagu da ƙofar rumbu ta datse kina yarinya ya warke a lanƙwashe. Kika ce in miƙar miki da shi a zanen. Na ce shi ne na fi so a jikinki, kika ce lallai ba ni da hankali.

Sauran kin san shi. Ni ɗan Katolika ne mai sujada a ɓoye a saman benen wani tunda an hana mu coci a fili, ke kuwa 'yar ɗariƙar Kiristocin nan masu baƙar riga ce, waɗanda in mutum ya yi aure a waje ko uwarsa ba za ta ƙara cin abinci tebur ɗaya da shi ba. Ba wanda ya tilasta ki. Wa ma ya isa? Ke da kanki kika auna, kika zo a lokacin kaka, kika tsaya a inda kika saba tsayawa, kika ce, "Tymen, ina son ka, wannan ba abin gardama ba ne. Amma ba zan iya ganin Inna tana juya mini baya har ta mutu ba. Ka rufe ni da fenti, kada wani ya gani." Kika auri Sybrand mai shanyar lilin, Allah ya jiƙansa. Na daɗe ina neman abin ƙi a jikin mutumin nan, na rasa, kuma wannan ma ya ƙara mini haushinsa.

Na bi umarninki. Na kwaɓa launin bango, toka-toka, na ɗauki buroshi. Amma da na zo kan fuskarki hannuna ya ƙi. Ta yaya zan danne ki da fenti mai kauri, kamar mai binne mutum da ransa? Sai na ƙara mai a cikin launin, na tsinka shi, na yi ta shafawa shara-shara, wannan ya bushe in ƙara wani, har kika ɓace. Da ya gama bushewa na tsaya ina kallo. Ɗaki ne kawai, da taga, da kujerar da ba kowa a kai, da bango. Amma bangon nan yana haske daga ciki, kamar an kunna kyandir a bayan labule. Farin lilinki ne da farar hularki da fatarki suke turo haske ta cikin tokar. Ban taɓa yin abu mai kyau kamarsa ba, na zauna a ƙasa na yi kuka.

Wannan na farkon ban sayar ba, yana nan a ɗakin. Amma wanda duk ya gan shi sai ya ce in yi masa irinsa, ni kuma na gwada zana ɗakin ba tare da ke ba, bangon ya fito matacce kamar tokar jiya. Don haka kullum da ke nake farawa. In shimfiɗa allo, in zana ki daga kaina, tun daga hula har bakin siket, da yatsan da komai, in zauna da ke har ki bushe, sannan in rufe ki. Haka na yi duk tsawon aurenki, haka na yi bayan rasuwar Sybrand, kuma ba gafara nake nema ba, don ban ɗauki komai daga hannun kowa ba. Wasu mazan suna zuwa mashaya, wasu suna tafiya teku. Ni wannan ce hanyar da na samu ta ganinki.

Daga nan suna ya zo, har aka ba abin laƙabi, wai hasken Okkers. Attajiran Amsterdam suka yi ta zuwa da matansu, su tsaya gaban bango suna gyaɗa kai. Wani ya ce mini zanen yana tuna masa cewa duniya fanko ce, na ce haka ne, ranka ya daɗe. Samarin masu zane suka yi ta kwaikwayo, wani ya niƙa ɓawon ƙwai a fentinsa, wani ya niƙa gilashi, aka baza labarin cewa daga Italiya na sayo asirin, ni da ban taɓa wuce Utrecht ba. Sannan yayi ya wuce, kamar yadda yakan wuce. Yanzu mata masu rigar siliki ake so, da karnukan farauta, da kangon fadojin Rumawa. Aka daina buga mini ƙofa, kuma gaskiya na ji daɗi. Na ɗauka za a manta da ni cikin mutunci, in mutu da abina a rufe.

Sai a lokacin kakar da ta wuce matar Van Loenen mai giya ta aiko a kira ni, wai in zo da gaggawa. Na tarar da ita a falo, ta harɗe hannu, ta ce, "Malam Okkers, zo ka ga abin da ka sayar mana. Ɗaki muka saya a wurinka, ba mu ce ka haɗa mana da 'yar haya ba! Mai aikina ta ƙi shigowa shara, wai fatalwa ce." Na matsa kusa da zanen. A tsakiyar bangon, kusa da kujera, ga hannu ya fito, rungume da lilin. Sama kaɗan ga bakin hula, ga kunci yana tasowa kamar wata a bayan gajimare. Fentin mai in ya tsufa yakan yi shara-shara kamar tsohuwar taguwa, abin da ke ƙasa ya nuna. Maigidan da ya koya mini sana'a ya faɗa mini haka tun ina niƙa masa launi. Ni dai na zaci zai jira mu mutu tukuna, ashe man da na yawaita ya gaggauta shi.

Kafin ƙanƙara ta rufe hanyoyin ruwa, labari ya zo daga Leiden, daga Delft, daga Amsterdam, kowane ɗakin da na taɓa zanawa ya soma cika da mace ɗaya. Na gida kuwa, da yake shi ne mafi tsufa, a nan kika fi fitowa, har ana ganin idonki. Yaya Neel, 'yar'uwata da ke riƙe mini gida tun da mijinta ya rasu, ta tsaya gabansa da tsintsiya a hannu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, Tymen, sannunka. Shekara da shekaru ina dafa maka abinci kana zaune kana kallon bango kamar tunkiya, ashe matar ƙanena ce a ciki, ko gaisuwa babu." An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni tawa fuskar ta riƙe amana, bangona ne ya tona ni.

Yanzu an dawo buga ƙofa. Sunan da ya mutu ya tashi, sai dai ba don hasken ba, don tsegumi. Masu zuwa ba sa kallon taga, ba sa kallon yadda rana ta kwanta a daɓe, tambaya ɗaya ce a bakinsu: wace ce? Ban faɗa wa kowa ba, Aleid, ko da wasa. Fuska kuwa ta budurwa ce, ba mai haɗa ta da dattijuwar da ke hawa gada tana dafa gwiwa. Yatsan ne ya kashe mu. Wata 'yar jama'arku ta gan shi a falon mai giya, ta tuna hannun da ke miƙo mata littafin waƙa ranar Lahadi. Da na ji maganarki na miƙar da shi tun farko! An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ga shi ni na ja, ke yake duka.

Dattijo Pauwels mutumin kirki ne, kuma da kunya ya shigo, yana juya hula a hannu. Ya ce, "Malam Okkers, ba faɗa na zo yi ba. Amma mutane suna cewa matar Sybrand tana zuwa gidan nan duk tsawon aurenta, in ba haka ba ina ka samo ta sau da yawa haka?" Na ce zan rantse masa da duk abin da yake so, ƙafarki ba ta taka gidan nan ba tun kafin aurenki. Ya ce, "Ka san mu ba ma rantsuwa, ba ma kuma karɓarta." Na ce to ya duba da idonsa, a kowane zane shekarunki ɗaya ne, ba ki ƙara ko furfura ɗaya ba, ina aka taɓa ganin macen da ke zuwa gidan mutum ba ta tsufa? Ya ce, "Ni na yarda. Amma bakin mutane ba ya duba furfura." Abin da dattawanku suka yanke shi ne, kafin bikin Ista in bi duk zanen da ke cikin Haarlem in cire ki, masu su sun amince. Ba rufewa ba, don sun ga abin da rufewa ta haifar. Kankarewa da wuƙa, har katako. Ya ɗaga kai ya dubi na farkon, ya ce, "Har da wannan." In ban yi ba, za a ba wata ɗakinki. Na tambaye shi ke me kika ce. Ya ce, "Ba ta ce komai ba. Tana ta saƙa."

Ina so ki san mene ne kankarewa, ya farin cikin raina. Wanda aka rufe yana nan, yana numfashi a ƙarƙashin launi, yana jiran ranarsa. Wanda aka kankare kuwa ya zama gari a ƙasa, Yaya Neel ta share shi da tsintsiya. Hasken zai tafi tare da ke, bangon ya koma toka, bayan mutuwata a ce Okkers ɗin nan da ake ta faɗi ashe ba komai. Wannan bai dame ni sosai ba, na ɗanɗana suna na ji ba ya ƙosarwa. Abin da ke damuna shi ne ba zan iya sake zana ki ba. Hannun ya tafi, idon yana bin sa, kuma ga abin da ban faɗa wa kowa ba: 'yan shekarun nan in na rufe ido ina neman fuskarki ta filin shanya, sai ta ƙi zuwa. Na tuna muryar, na tuna warin tsala, fuskar ce ta narke mini. Sai ga ta ta dawo da kanta ta cikin bango, a daidai lokacin da na rasa ta. Yanzu kuma a ce in sa mata wuƙa? Da wane hannun?

Amma zan yi, in ke kika ce. Na san abin da ɗakin nan yake a wurinki. Na san bishiyar da ke tsakar gidanku, da rabon gawayin da ake ba ku na hunturu, da maƙwabtan da za su ji in kin yi tari su leƙo, da wurin da aka tanadar miki a maƙabarta kusa da Inna da Sybrand. Ba ki bar ni don abin banza ba a wancan karon, ba kuma zan ce abin banza ne yanzu ba. Sai dai ba zan karɓi umarni daga bakin Pauwels ba, ko dattawa, ko matar mai giya. Wadda ta ce in rufe ita kaɗai za ta ce in kankare.

Akwai wata hanyar kuma, kin san ta, kuma tsoron faɗinta ne ya sa takardar nan ta yi tsawo. Ki bar musu ɗakin. Ki zo, mu je gaban alƙalin gari a ɗaura mana aure kamar yadda ake yi wa irinmu, zanen kuma ya tsaya yadda yake, duk mai son kallo ya kalla ya ce matarsa ce. Ba zan yaudare ki ba. Jama'arki za su juya miki baya, kamar yadda kika ji tsoro tun farko, sai dai yanzu ba Inna a cikinsu. Gidan nan yana da danshi, matakalarsa za ta gwada gwiwarki, Yaya Neel kuma bakinta ya fi wuƙar tawa kaifi, ko da yake tun ranar Talata take ta wanke labule ba tare da an sa ta ba. Mijin da za ki samu tsoho ne mai minshari, wanda miya ke zuba daga cokalinsa. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Na dafa nawa ya nuna, ga shi ba haƙoran ci. Abin da nake da shi ke nan, sai zuciyar da ba ta taɓa zana wata fuska ba sai taki.

Ya ke sanyin idona, ya ke hutun da nake hange tun ina da baƙin gashi, har yaushe za mu yi ta gaisawa da kai a bakin teburin kifi kamar waɗanda suka taɓa haɗuwa a jana'iza? Nawa ya rage mana? Ba ina roƙon ki ki dawo mini da ƙuruciya ba, ta tafi, Allah ya raka taki gona. Ina roƙon yammaci kaɗan ne, ke kina saƙa, ni ina kallon ki, ba tare da na kwaɓa launin toka ba. Na gaji da rufe ki, Aleid. Na gaji ƙwarai.

Yaya Neel ce za ta kawo miki wannan da hannunta. Na wasa wuƙar kankarewa, don kada a ce ban shirya ba, na ɗora ta a kan kujerar nan ta bakin taga, wadda kika ƙi zama a kai. Ba wanda ya taɓa zama a kanta tun ranar, ko Neel ta san ba a taɓa ta. In kin zaɓi ɗakinki, ki faɗa wa Neel kalma ɗaya, ni zan ɗauki wuƙar in fara da na gida, kuma ba za ki taɓa jin ƙorafi daga bakina ba, a kasuwa zan taɓa miki hulata kamar kullum. In kuwa ɗayar kika zaɓa, kada ki aiko da komai. Ki zo da rana tsaka, kowa yana gani, ba sai kin kawo yadi ba. Ki ɗauke wuƙar da hannunki na hagu, ki miƙa wa Neel ta kai kicin, ki zauna.

Naki tun daga filin shanya, a rufe ko a fili, har ranar da za a rufe ni da abin da ba ya yin shara-shara,

Tymen